Tun da Yaya ya faɗi gishirin gidanmu ya ragu

Ranar wata Talata ce, sati 2 bayan ƙaramar sallar 2022, ina shago a kasuwar Wunti a Bauchi ina fama da wata Hajiya da ta sa na sauke mata atamfa ta kai turmi 15 kuma daga gani ba saya za ta yi ba, sai ga kiran matar Yayana. Ko sallama babu. Tace, "Baban Ummi ka zo yanzu yanzu, yayanka ya faɗi a makewayi, bakinsa ya karkace, magana ma ba ta fita." Wallahi har yau bansan wa ya rufe min shago ba ranar.

Kafin na isa gida ya cika maƙil. Kun san mu dai. Wani yace iska ce ta buge shi don ya shiga banɗaki ba addu'a, wata tace jifa ne ai tun da ya sayi napep na biyu ido ke kansa, an kawo habbatus sauda an kawo man zaitun ana ta shafa mishi, wani maƙwabci har ya hau mashin ya tafi ɗauko mai ruƙya. Ni ban hana addu'a ba kuma ba zan taɓa hanawa ba, amma da na ga hannunsa na dama ya saki kamar tsumma, yawu na bin gefen baki, nace a'a a kawo mota, mai ruƙyar ya same mu a can. Duk da haka sai da muka ɓata kusan awa 3 kafin mu kai asibiti. Daga baya likita yake gaya min a irin wannan ciwon duk mintin da ya wuce wani sashe na ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa, da zarar an ga baki ya karkace ko hannu ya saki ko harshe ya yi nauyi toh ba shawara ake tsayawa yi ba.

Shanyewar ɓarin jiki ce, kuma hawan jini ne ya jawo. Abun da ya fi ci min rai shi ne ashe Yaya ya san yana da shi, shekara 4 da gaya mishi. Maganin na nan cikin aljihun gaban motarsa, in ya ji kansa na sarawa ya ɓalli ɗaya ya sha, in ya ji garau ya manta da shi wata 2. Shi a ganinsa kamar maganin zazzaɓi ne, ka sha ka warke ka ajiye. Alhali hawan jini yawanci ba ya ma nuna alama, kisan mummuƙe yake yi, mutum na yawonsa yana dariya jijiyoyinsa na shan wuya a ciki, maganinsa kuma kullum ne ko ka ji ciwo ko ba ka ji ba.

Yaya shekararsa 52 lokacin, kuma shi ne bangon da duk muke jingina da shi. Yana da kantin kayan masarufi a cikin gari da napep 2 da yara ke ja suna kawo balas. 'Ya'yansa 7, ga marayun ƙanwarmu 2 Allah ya jiƙanta, ga buhun Hajiya mahaifiyarmu duk wata ba ya fashi. Sati 3 muka yi a asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa, allurai, magunguna, famfas na manya, keken marasa lafiya, bayan sallama kuma zuwa gashi sau 3 a sati da kuɗin motar kai shi da dawo da shi. Napep ɗaya ya tafi tun a watan farko. Filinsa na hanyar Ningi da yake ta burin ginawa ya bi baya a wata na 4, kuma a wulaƙance aka saya don mai saye ya san a matse muke. Babban ɗansa ya ajiye karatu shekara guda ya zauna a kanti, kantin da bai san kansa ba, 'yan bashi suka yi mishi rubdugu. Auren 'yarsa da aka sa bayan babbar sallah aka ɗaga. Anti matarsa kuwa keken ɗinkinta har tsatsa ya yi, ita ce juya shi cikin dare kar bayansa ya yi gyambo, ita ce wanka, ita ce ɗagawa da kwantarwa, yanzu haka ita ma bayanta bai barinta barci. Kuɗin makarantar marayu ya dawo kaina. Na taɓa zama na ƙirga, jijiya ɗaya ce ta toshe a kan mutum ɗaya amma mun haura mutum 20 da muka ji a jikinmu, har yaron da ke jan napep ɗin da aka sayar, da matarsa mai jego.

Shiyasa yanzu in na ji mutum yace "jikina ne, bakina ne, ina ruwan wani da abun da na ci" sai dai na kalle shi kawai. A garin nan babu mai jikinsa shi kaɗai.

A satin farko na jinya ne wata nas ta zo auna Yaya, ta gama sai ta juyo tace, "Malam, kai ma miƙo hannunka." Na yi dariya nace, "Sista ni kam lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi." Tace miƙo dai. Na'ura ta matse ta saki, 164 bisa 102. Tace wataƙila tashin hankali ne, awo ɗaya ba ya yanke hukunci, na sake a wasu ranakun daban ina zaune a natse. Na sake sau 2, na saman bai taɓa sauka ƙasa da 150 ba. Ma'aunin kuwa shi ne in yana kaiwa 140 bisa 90 ko ya wuce a kai a kai toh hawan jini ne. Shekarata 41 lokacin. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta aka ce ka shafa wa naka ruwa, toh ni nawa ashe har ya fara hayaƙi ban sani ba.

Likitan da na gani yaro ne, inaga na girme shi da shekara 10, amma ya iya tambaya. Yace, "Alhaji lissafa min abun da kake ci daga safe zuwa dare, kar ka rage komai." Na fara. Da safe masa 10 da miya da man shanu, da shayi mai kauri. Da rana shinkafa da miya da lemon kwalba mai sanyi. Da la'asar wani lemon don zafin kasuwa. Da dare tuwo malmala 3. Bayan isha'i majalisa, shayi zagaye 3, in an samu mai saya a ci tsire, wani lokacin ƙarfe 11 na tsaya wajen mai shayi a dafa min Indomie da ƙwai. Yace tafiya fa? Nace daga ɗaki zuwa mashin, daga mashin zuwa bencin shago. Yace barci? Nace sha biyu ko ɗaya na kwanta, asuba na tashi. Sai yace akwai maganin da nake sha? Nace babu, sai dai haɗin gajiya da nake karɓa a kemis kusan kullum da dare. Nan ya ajiye biro. Yace irin waɗannan haɗin yawanci akwai magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen a ciki, in ana yawan shansu suna tayar da hawan jini, suna cin ƙoda suna cin ciki. Kuma wallahi a layinmu na kasuwa mutum nawa ne ba ya shan haɗin nan, har aika yaro ake a sayo wa mutum 5 lokaci ɗaya kamar goro.

Ya rubuta min ƙwaya ɗaya kullum da safe, sannan yace sauran maganin yana hannun mai ɗakina.

Toh anan fa aka yi ta. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum kar gishirin da zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma ba wanda aka barbaɗa kaɗai ake nufi ba, har na cikin burodi da yajin tsire da garin Indomie da uwa uba dunƙule, don shi dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Na dawo gida na zauna a bakin kicin, abun da rabona da yi tun muna amarci, nace, "Maman Ummi yi miyarki yadda kika saba ina kallo." Ta yi min wani kallo tace, "Yau kuma sa ido aka koma?" Na ƙirga da idona, dunƙule 8 a tukunya ɗaya, ga farin magi, ga gishiri da ta ɗebo da yatsu 3 sau 2, ga wani garin ɗanɗano na leda. Kuma ba laifinta ba ne, ni ne nan mai cewa miya ta yi salam in an rage, na sha ture kwano akan haka Allah ya yafe min.

Da farko tukunya 2 ta koma yi, tawa daban ta yara daban. Sati 2 abun ya rushe. Na farko gas da gawayi ba kyauta ake ba su ba, na biyu ita kaɗai ce da aikin gida da yara 5, na uku kuma wanda shi ne gaskiyar magana, ni da kaina nake lallaɓawa na tsoma cokali a tukunyar yara in ba ta gani. Ranar da Ummi ta kama ni ta kai rahoto, uwar tace toh shi kenan, daga yau tukunya ɗaya ce a gidan nan, wanda ba zai ci ba ya sha ruwa ya kwanta. Amma da dabara ta bi, ba rana ɗaya ta zabge ba. Daga 8 ta koma 6, bayan sati 2 ta koma 4, yanzu 2 take sakawa a babbar tukunya, farin magi kam an yi sallama da shi. Harshe ashe shi ma ɗan koyo ne, cikin 'yan makonni yake sabawa. Yanzu in na ci abincin biki ji nake kamar an kifar da gishirin kasuwa a ciki, na kwana ina shan ruwa.

Wadda ta fi kowa jin daɗin wannan juyin ita ce Hajiya. Tace, "Dama ku kuka ɗauko wa kanku. Mu da muka tashi wa ya san wani dunƙule? Daddawa ce, ita ce ta raine ku har kuka yi gemu." Ita ta koya wa maman Ummi yadda ake daka daddawar kalwa da citta da masoro da tafarnuwa da ɗan busasshen kifi a ajiye a kwalba, cokali ɗaya a miyar kuka ka ji gida ya ɗauki ƙamshi har zaure. Su surukai biyu da ba su cika doguwar hira ba yanzu sai ka same su a tsakar gida da turmi suna gulmata. Wannan ribar ba ta cikin takardar likita.

Sai da aka kwana biyu na lura da wani abu. Don ni aka rage gishirin, amma mutum 8 ke cin tukunyar. Hajiya da ke zuwa mana kwana biyu biyu ita ma tana da hawan jinin, kumburin ƙafarta ya ragu. Yaran nan kuma harshensu na tashi da ɗanɗanon da ba zai wahalar da su ba in sun kai shekaruna, tunda abun yana bin jini, kakansu da shi ya rasu, ga baffansu a kwance, ga ubansu na shan ƙwaya. Har almajirin gidanmu yana cin abincin masu hawan jini bai sani ba, ya dai taɓa cewa miyar gidan nan ta canza.

Masa kam ban bari ba, kar ma wani ya tambaye ni. Ɗan Bauchi ya bar masa ya koma ina? Abun da na yi daga 10 na dawo 4, miyar taushe da ganye ta fi yawa, man shanu ɗan ɗigo, kuma na daina dangwala ta a sukari. Tuwo malmala 3 ya koma 1 da rabi. Hadisin nan da muka haddace tun muna Islamiyya na kasa ciki uku, kaso ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi, sai da na kai shekara 41 na fara aiki da shi, kuma likita ne ya tuna min ba malami ba.

Sukari ya fi gishiri wuyar bari a wajena. Lemon kwalba mai sanyi ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu cikin rumfar kwano, wanda bai zauna kasuwa ba ba zai gane ba. Amma ku juya robar ku karanta abun da aka rubuta a jiki, ta 50cl ɗin nan sukarin cikinta ya haura cokalin shayi 10. Ita kuwa hukumar lafiyar cewa ta yi iyaka kusan cokali 12 a yini gaba ɗaya, in da hali ma a tsaya a 6. Ni ina shan 2 a rana, ban da shayi. Gwamnati ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta irin waɗannan lemukan a dokar kuɗi ta 2021, ban ga wanda naira 10 ta hana sha ba gaskiya, ni dai ganin Yaya ana ba shi kunu a cokali ne ya hana ni. Yanzu gora nake zuwa da ita, ruwa ko zoɓon gida da citta da kanumfari ba sukari, ko fura da nono in an kawo mai kyau. Kuma kar a ruɗe, zoɓon leda da kunun zaƙin da ake sayarwa su ma sukari ne zalla wani har da zaƙin kemikal, ba wai don sunansu na gargajiya ba ne suka zama magani.

Ana yawan cewa cin lafiyayyen abinci sai mai kuɗi. Rabi gaskiya ne. Wanda bai san inda zai samu na dare ba ba za ka tsaya yi mishi lissafin cokali ba, kuma tuffa da inabi ba na kowa ba ne. Amma ku shiga kasuwar Muda Lawal da safe ku ga. Zogale, rama, alayyafo, yakuwa, yalo, kabewa, karas da kabeji, lokacin mangwaro har zubarwa ake, lokacin kankana haka, ga gwaiba ga lemon zaƙi. Kuɗin lemon kwalba 2 da nake sha a rana in na haɗa na sati yana cika mana leda da ganye har a yi kwaɗon zogale da ƙuli sau 3. Ga wake, ga gero, ga acca da ake kawowa daga wajen Bogoro da Tafawa Balewa. Abincin da muke rainawa muna cewa na ƙauye shi ne masu kuɗin Abuja ke nema a manyan kantuna da tsada.

Tafiya kuma ita ce ta jawo min surutu. Minti 150 a sati ake so aƙalla, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka ji numfashinka ya ƙaru amma kana iya magana, wato minti 30 sau 5. Daga gidanmu zuwa Wunti kusan hakan ne, sai na ajiye mashin na fara takawa da safe kafin rana ta yi zafi. Jama'a! A satin farko mutum 4 suka tsaya za su rage min hanya. "Alhaji lafiya? Ina mashin ɗin?" Wani ya je ya ce wa abokina a asirce ko jinyar Yaya ta karya ni ne a haɗa min wani abu. Da tumbi ya fara sauka kuma sai magana ta canza, wata gwaggonmu ta kira maman Ummi gefe tace, "Ke, ba kya ba ɗana abinci ne? Dubi yadda wuyansa ya fito." Wasu kuma ba su faɗa ba amma na ga irin kallon, kun san ciwon da ake zargi in mutum ya rame. Mu a wajenmu tumbi shi ne shaidar an samu, mai tafiya a ƙasa kuma ko dai ya karye ko ya zautu. Har matanmu wasu na shan ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha ka fashe don kar dangin miji su ce ba ta samu hutu ba, ƙwayoyin da wasunsu ke jawo ciwon suga da hawan jinin da muke gudu.

Sai ga 29 ga Mayu 2023 an cire tallafin mai. Cikin wata guda masu tsayawa rage min hanya na fara haɗuwa da su a ƙafa, muna gaisawa kowa na share gumi. Ɗaya yace, "Ashe kai ka hango." Nace ban hango komai ba, ni likita ya koro ni, kai gidan mai. Yanzu mu 5 ne muke fita bayan sallar asuba ranar Asabar da Lahadi, mu miƙe har wajen filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa mu zagayo, akwai wani tsohon ma'aikacin reluwe a cikinmu ya haura 65 amma duk ya fi mu sauri, yana tafe yana mana tsiya.

Inda nake jin nauyi shi ne ɓangaren mata. Ni na sa takalmi na fita ba mai cewa komai sai tsokana, ita fa? Mace ta fito da asuba tana sauri a titi kafin azahar an kai labari gidan ubanta. Maman Ummi ita ta nemo wa kanta hanya, ita da maƙwabtanta 3 suka daina hawa napep zuwa Islamiyya, tafiyar minti 20 ce zuwa 20 dawowa sau 4 a sati, cikin hijabansu suna hirarsu ba wanda ya san motsa jiki suke, kuɗin napep ɗin kuma suka mai da shi adashe. Wani lokacin in na dawo da wuri na kan tarar an rufe ƙofar gida ana tsallen igiya da yara a tsakar gida, in ta ji motsina ta yar da igiyar wai ita shanya take.

Yara ma an taɓa su. Kuɗin tara da ake ba su duk a alawa da lemon leda mai kala yake ƙarewa, harshe ja yau gobe kore. Yanzu uwar ke haɗa musu, gyaɗa ko dabino ko awara ko dafaffen ƙwai in an samu, ranar Juma'a kaɗai ake ba da kuɗi a hannu. An sha kuka kam, autanmu har yajin cin abinci ya yi na rabin yini.

Majalisarmu kuwa abun ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata, don duk sun san Yaya, da yawansu sun je duba shi sun ga mutumin da ke ɗaga buhun sukari shi kaɗai an sa mishi famfas. Muka yi karo-karo muka sayi na'urar awon jini irin mai batir ta ɗaurawa a dantse, tana wajen wani malamin makaranta a cikinmu, duk daren Juma'a ake fito da ita kafin a ɗora shayi, mutum ya zauna ya huta minti 5 ba surutu sannan a auna, a rubuta a wani littafi. Mu 14 ne, daren farko mutum 5 nasu ya haura, kuma 1 ne kaɗai ya san yana da shi. Ba ma ba kowa magani, mu ba likitoci ba ne, in naka ya hau sau 2 sai a ce gobe ka je asibiti kuma a sa wani ya bi ka don mun san halinmu. Akwai wanda har yau ya ƙi miƙa hannu, wai abun da ba ka sani ba ba ya kashe ka, mun bar shi da Allah amma ba mu daina yi mishi naci ba. Mai dafa mana shayi da can gilashi guda na sukari yake juyewa a buta, yanzu buta 2 ake yi, kuma butar marasa sukari ta fara rinjaye. Labari ya kai masallaci, yanzu dattawan unguwa ma na zuwa a auna su, har mata na aiko yara a ari na'urar, batir dai mu ke saya.

Daga nan ne maganar kwata ta taso, don in kun zauna kuna zancen lafiya ga kwata na wari a gabanku abun ya zama wasa. Ba mu manta 2021 ba da amai da gudawa ya yi ɓarna, Bauchi na cikin jihohin da suka fi jin jiki, ga zazzaɓin Lassa da duk rani sai an ambaci sunan jiharmu tare da Ondo da Edo, shi kuma ɓera ke kawo shi, ɓera kuma bola da abinci a buɗe yake bi. Yanzu kafin damina da tsakiyarta muna fitowa da shebur da baro mu yashe kwatar layinmu. Ba kowa ke fitowa ba, akwai mai leƙowa ta taga yace sannunku da aiki ya koma, kuma kwatar ƙofar gidansa ta fi ta kowa cika.

Kar na sa ku ɗauka na zama waliyyi. Babbar sallar da ta wuce kwana 4 ina kan soyayyen nama da yaji, da na auna na ga abun da na gani na yi shiru ban gaya wa kowa ba sai da malamin ya karanta a littafi da ƙarfi. Barci har yanzu ban kai awa 7 da ake so ba, waya ce matsalata, sai na ce bari na duba Facebook minti 5 na ga ƙarfe 12. In an yi baƙi aka kawo lemo wani lokacin ina sha. Amma awona yanzu yana yawo wajen 128 bisa 82, ƙwayata ban fasa ba ko rana ɗaya kuma likita yace kar na kuskura na bari don na ga ya sauka, wandunan da na ajiye tun 2015 sun dawo suna shiga, ina hawa benen kasuwa ba na tsayawa a tsakiya ina yi kamar waya nake dubawa.

Yaya yana nan da sauƙi Alhamdulillah. Magana ta dawo sai dai a hankali, hannun dama har yanzu bai riƙe cokali sosai, da hagu ya koyi ci yana ta istigfari duk da malamai sun gaya mishi lalura ce. Juma'ar da ta wuce na je zan kai shi masallaci, na tsayar da napep a ƙofar gida, yace a sallame shi. Nace, "Yaya rana fa ta yi zafi." Yace, "Kai da kake zuwa Wunti a ƙasa, ni masallacin unguwa zai gagare ni?" Tafiyar da a da minti 3 ce muka yi ta a minti 20, sanda a hagu ni a dama, yana jan ƙafar yana tsayawa, duk wanda ya wuce sai ya rage sauri ya gaishe shi, mai kanti ya fito da kujera yace a huta ya ƙi zama. Mun samu huɗuba ta yi nisa, a waje muka shimfiɗa darduma.

Da muka dawo yana zama akan tabarma yana haki ya ce wa Anti a kawo mishi masa. Ta kawo 3. Ya kalli kwanon ya kalle ni yace, "Kai ka koya mata wannan rowar ko?"